Iri Daban, Gari Daban

A bakin kogin Komadugu, daga Diffa har zuwa Bosso, manoma sun shahara da noman tattasai. In ya nuna, sai a tsinke shi, a shanya, a ɗura cikin buhuna, a kai kasuwa. Wani kuma a daka shi ya zama gari. Amma manomi mai hankali ba ya sayar da duka. Yakan zaɓi ƴaƴa masu kyau, ya ajiye iri a wuri daban. Ya san da iri ake samun tattasan baɗi. Gari kuwa, ko an shuka shi ba ya tsirowa.

Masu rubuta manhajar kwamfuta su ma suna da irinsu da garinsu. In suka gauraya su, aiki ya ɓaci.

Rubutun asali da tafinta

Manhaja jerin umurni ce da ake ba kwamfuta don ta yi wani aiki. Mutum ne ke rubuta ta, cikin harshe na musamman. Ɗaya daga cikin waɗannan harsuna shi ne Java. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da shi a 1995, kuma James Gosling ne ya jagoranci aikin. Da Java aka rubuta babban sashen DHIS2, manhajar jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe, wadda ma'aikatar lafiya ta Nijar ke tattara alƙaluman asibitoci da ita. Na jihar Diffa ma suna ciki.

Abin da mutum ya rubuta da hannunsa ana kiran sa rubutun asali. Ana ajiye shi cikin fayil, wato kamar takarda guda mai suna a cikin kwamfuta. Sunan irin wannan fayil yana ƙarewa da .java. Wanda ya koyi harshen yana iya karanta shi, ya gyara shi. Wannan shi ne iri.

Kwamfuta ba ta aiki da rubutun asali kai tsaye. Sai an juya mata shi. Akwai wata manhaja mai wannan aiki, kamar yadda tafinta ke yi tsakanin Babarbare da Bahaushe a gaban alƙali. Tafintan Java sunansa javac. Yana karanta fayil na .java, ya fitar da sabon fayil mai ƙarewa da .class. Cikinsa lambobi ne zalla, waɗanda injin Java ke bi. Wannan shi ne gari.

Daga .java ana samun .class ko sau nawa ake so. Komawa baya ne ke da wuya. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin maido da rubutu daga .class, amma bayanan da marubuci ya sa don tunatarwa ba sa dawowa, domin tafinta ya zubar da su tun farko.

Abin da ke faruwa in an gauraya su

In ba a faɗa wa javac kome ba, yana ajiye kowane .class kusa da .java ɗin da ya haife shi. Ga manhaja mai fayil biyu ko uku, babu damuwa. Ga mai fayil 500, wuri ya cunkushe. Wani lokaci ma .java guda yana haifar da .class da yawa.

Matsala ta farko ita ce tsohon gari. In an share wani .java ko an canza masa suna, tafinta ba ya share tsohon .class ɗinsa. Yana nan kwance. Manhaja tana iya ci gaba da amfani da shi, ba wanda ya sani. Sai ranar da aka kai rubutun asali wata kwamfuta, aka fassara, sannan a ga manhajar ta ƙi tashi.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Ga misali. A ce ƙungiyar manoman tattasai tana da ƙaramar manhaja mai fayil biyu. Na farko, Kudi.java, yana riƙe da adadi tsayayye: dala 20 a kan kowane buhu, kuɗin ajiya a sito. Na biyu, Lissafi.java, yana ninka adadin da yawan buhuna. In adadi tsayayye ne, tafintan Java yakan kwafe shi ya liƙa cikin Lissafi.class. Ranar nan taron ƙungiya ya mai da kuɗin dala 30. Magatakarda ya gyara Kudi.java, ya fassara shi shi kaɗai. Lissafi.class yana nan da dala 20. In an ajiye buhu 400, asusu ya yi giɓin dala 4000, wato jikka 20. Rubutu daidai ne, lissafi ba daidai ba. Ana iya zargin ma'aji alhali bai ci ko dala ba.

Matsala ta uku ita ce shara. Mai son share tarin .class daga wurin da suke gauraye da .java yana iya kuskure ya haɗa da iri. Aikin watanni ya tafi cikin ƙiftawar ido.

Rumbu biyu

Maganin abin shi ne rumbu biyu. Ana buɗe dosiye guda don rubutun asali, wanda aka saba kira src. Ana buɗe wani don abin da tafinta ya fitar. In an rubuta javac, sai a ƙara alamar -d, sannan sunan dosiyen na biyu. Nan tafinta zai zuba duk .class. In za a tada manhajar, sai a nuna wa injin Java wurin da alamar -cp.

Daga nan akwai ƙa'idodi huɗu:

1. Ba a gyara kome da hannu a dosiyen .class. Gyara a rubutun asali ake yi.
2. In an yi shakka, a share dosiyen .class gaba ɗaya, a sake fassara duka. Babu asara a ciki.
3. In za a ba wani manhaja don ya yi aiki da ita, ana ƙulle .class cikin fayil guda mai ƙarewa da .jar, kamar buhun da aka ɗinke bakinsa.
4. Rubutun asali ba ya kwana a wuri ɗaya. A 2019 Komadugu ya yi ambaliya, ya cinye gidaje da gonaki a Diffa. Kwamfuta ma ruwa yana cin ta, ƙura da zafi suna kashe ta. Dole a ajiye kwafi a wani gida ko wani gari.

A kula kuma da zamanin injin. Kowane .class yana ɗauke da lambar zamaninsa: Java 8 na 2014 lambarsa 52, Java 17 na 2021 lambarsa 61. Tsohon inji ba ya karɓar .class na sabon zamani. Mai rubutun asali a hannu yana iya sake fassarawa daidai da injin, muddin rubutun bai dogara da sabbin abubuwa ba. Wanda ke da .class kawai sai ya haƙura.

Mataimakan tafinta

Tun da daɗewa aka ƙirƙiro manhajojin da ke ɗauke wa mutum wannan wahala. A 1976 Stuart Feldman ya rubuta make a Bell Labs. Tana duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ta sake fassara wanda ya canza. Maven, wadda ta fito a 2004, tana da tsari sananne: rubutu a src/main/java, .class a target/classes. Umurnin mvn clean yana share target duka. A 2005 Linus Torvalds ya rubuta Git, mai riƙe tarihin duk gyaran da aka yi. Masu aiki da ita sukan rubuta cikin fayil mai suna .gitignore cewa kada a ajiye .class, domin ana iya sake samun su kowace rana.

Dalibin da ya fara koyon Java, ko a jami'ar Diffa ko a wani wuri, ya kamata ya buɗe dosiye biyun nan kafin ya rubuta layin farko.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin .java da .class?
2. Me ya sa asusun ƙungiyar manoma ya yi giɓi?
3. In buhu 250 aka ajiye, giɓin dala nawa ne?
4. Wane dosiye ake iya sharewa ba tare da asara ba? Don me?