Gyaɗar da ke cikin kilishi

Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kilishi a Gidan Rumji ya san naman ba shi kaɗai yake tafe ba. Bayan an shanya shi a rana, sai a tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, a gasa. Tsiren kasuwar Agiye ko Gazawa ma da garin ƙuli-ƙuli ake barbaɗe shi. A nan kowa ya san haka, ba mai tambaya.

Matsalar tana farawa ne idan aka ƙulle kilishin a leda aka aika shi nesa. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan: ɗan gutsure ya isa ya kumbura musu leɓe da maƙogwaro, numfashi ya sarƙe, wani ma ya rasa ransa cikin mintuna.

Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta lissafa abubuwa 14, har da gyaɗa, da dole a bayyana su a jikin kwali. Amurka tana da tara. Riɗi ne ya shiga na ƙarshe, a Janairun 2023. A can, rashin rubuta ɗayansu kawai kan sa a janye nama daga kantuna, ko da lafiyarsa ƙalau, ɗanɗanonsa ma sai wanda ya ci.

Mai kilishin da ke hangen kasuwar waje, to kalmar "gyaɗa" ita ce ta farko da ya kamata ya buga a ledarsa, kafin lambar wayarsa.