BABI NA UKU: TASIRIN NAYOBIYAM WAJEN KARE TITANIYAM DAGA TSATSAR ZAFI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'adinan da ake samu a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, musamman farar ƙasar da Ƙanƙara ta yi suna a kanta. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin fito da yadda ɗan ƙaramin adadi na ƙarfen nayobiyam yake ƙara wa titaniyam juriyar wuta, da kuma dalilin da ya sa yawansa yake zama illa.

3.1 Ma'anar Tsatsar Zafi

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera, a Faskari ne ko Sabuwa, ya san cewa idan aka ciro ruwan fartanya daga wuta aka ɗora a kan uwar maƙera, wani baƙin ɓawo yakan riƙa zubewa da kowane bugu. Wannan ɓawo ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin saboda zafi. Shi ne a wannan bincike aka kira tsatsar zafi, domin a bambanta shi da tsatsar da damshi yake haifarwa. Masana sukan auna ta ta hanyar gasa guntun ƙarfe na tsawon sa'o'i, sannan su duba nauyin da ya ƙaru. Idan ɓawon ya yi danƙo ya manne, saurin ƙaruwar nauyin yakan riƙa raguwa, domin ɓawon ya zama katanga. Idan kuwa yana tsagewa yana zubewa, to iska za ta ci gaba da cin ƙarfen.

3.2 Raunin Titaniyam

Titaniyam ƙarfe ne mai ƙarfi marar nauyi. Nauyinsa giram 4.5 ne a kowace murabba'ar santimita mai kauri ɗaya, alhali baƙin ƙarfe yana da kusan 7.8. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,668 a ma'aunin Salshiyas. Duk da haka, tun daga wajen digiri 600 yake fara gazawa, saboda dalilai biyu. Na farko, ɓawon da yake yi, wato TiO2, yana da gurabe da ƙwayoyin oksijin suka bari a buɗe, kuma ta waɗannan gurabe ne sabuwar oksijin take ratsawa ta isa ga ƙarfen. Na biyu, titaniyam yana shan oksijin a jikinsa har kusan kashi 33 cikin 100 na ƙwayoyinsa. Sakamakon haka sai fatar ƙarfen ta yi tauri ta yi gautsi, tsaga ta fara daga nan. A cikin injin jirgin sama, tsagewar farfela ɗaya tana iya jawo asarar rayuka.

Domin magance wannan, sai aka gauraya titaniyam da alminiyam kusan rabi da rabi. Manufar ita ce a sami ɓawon alumina, wato Al2O3, wanda oksijin ba ta ratsa shi da sauƙi. Wannan alumina ita ce ke cikin farar ƙasa irin ta Ƙanƙara, domin tatacciyar farar ƙasa tana ɗauke da kusan kashi 39 cikin 100 na alumina, kuma hakan na daga cikin dalilan da ake yin tubalin tanderu da ita. Sai dai a wannan gauraye alumina ba ta fitowa ita kaɗai, takan cakuɗu da TiO2, saboda haka kariyar takan yi rauni idan zafi ya kai wajen digiri 750 zuwa 800.

3.3 Aikin Nayobiyam

Abin mamaki a nan shi ne, nayobiyam shi kansa ba ya jure iska mai zafi. Ko da yake sai a digiri 2,477 yake narkewa, ɓawonsa yana farfashewa tun zafi bai yi nisa ba. Ke nan amfaninsa yana cikin yadda yake gyara ɓawon titaniyam ne, ta hanyoyi kamar haka:

(a) Cike gurabe. A cikin TiO2 kowace ƙwayar titaniyam tana da caji 4, ta nayobiyam kuwa 5. Idan nayobiyam ya zauna a mazaunin titaniyam, ya kawo rarar caji ke nan. Domin a daidaita, sai yawan guraben oksijin ya ragu. Raguwar gurabe kuwa raguwar hanya ce ga iska, saboda haka ɓawon yakan yi jinkirin kauri.

(b) Taimakon alumina. Da yake TiO2 ya rage saurin girma, alminiyam yakan sami sararin yin shimfiɗar alumina wadda ta fi haɗewa.

(c) Ƙarfafa shimfiɗar naitirojin. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce. Takan haɗu da titaniyam ta yi siririyar shimfiɗa tsakanin ɓawo da ƙarfe. Nayobiyam yana sa wannan shimfiɗa ta daɗe, ita kuma ta rage oksijin da ƙarfen yake sha.

3.4 Muhimmancin Awo

Hausawa na cewa kowane allazi da nasa amanu. Akwai iyakar nayobiyam da TiO2 zai iya ɗauka. Idan aka wuce ta, sai wasu sinadarai dabam su bayyana a cikin ɓawon, irin su Nb2O5 da TiNb2O7, waɗanda ba su da kariya. Haka kuma nayobiyam ya kusa ninka titaniyam nauyi, ga tsada. A gaurayen titaniyam da alminiyam, bincike ya fi nuna amfani tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na ƙwayoyi. Masu ƙera injuna sukan sa ƙasa da haka domin su kiyaye wasu siffofin ƙarfen. Misali, gaurayen da kamfanin General Electric na Amurka ya yi yana da alminiyam kashi 48, kuromiyam 2, nayobiyam 2, sauran titaniyam. Da shi aka ƙera farfelun baya na injin GEnx, ɗaya daga cikin injunan jirgin Boeing 787 wanda ya fara jigilar fasinja a 2011. Nauyin wannan gauraye kusan rabin na gaurayen nikel ne da aka saba amfani da shi, wanda hakan yake rage shan mai.

3.5 Matsayin Nijeriya

Ana samun nayobiyam daga dutsen kolombait, wanda ake haƙowa tare da kuza a Jos da kuma Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa a Jihar Kano. A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait. Daga baya ma'adinin Arasha na ƙasar Birazil ya karɓe kasuwar, har ta kai Birazil ce take samar da wajen kashi 90 cikin 100 na nayobiyam ɗin duniya. Abin lura shi ne, ɗanye aka riƙa fitar da kolombait ɗinmu, ribar tacewa da gaurayawa kuwa ta tafi ga waɗanda suka mallaki ilimin da aka bayyana a sama. Farar ƙasar Ƙanƙara ma tana iya fuskantar irin wannan makoma muddin aka tsaya ga haƙa da loda wa motoci.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa nayobiyam yana rage guraben da oksijin take bi, yana taimakon alumina, yana kuma rage gautsin fatar ƙarfe, amma sai an kiyaye awo. A babi na gaba za a dubi hanyoyin tace alumina daga farar ƙasa.