Kyamarar da ke Kama Abin da Ba Ya Maimaituwa

Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a sakan guda, amma a cikin kashi ɗaya bisa tiriliyan na sakan, wanda masana ke kira fikosakan, tafiyarsa ba ta kai rabin milimita ba. A irin wannan ɗan taƙin lokaci ne sinadarai ke haɗuwa da rabuwa, kuma babu kyamarar yau da kullum da ke iya ganin abin da ke gudana.

Dabarar da aka daɗe ana dogaro da ita, wadda ta sa Ahmed Zewail, ɗan ƙasar Masar, ya sami kyautar Nobel a 1999, ita ce a tayar da abu da walƙiyar leza, sannan a haska shi da wata walƙiyar bayan ɗan jinkiri, a yi ta maimaitawa ana ƙara jinkirin har hotunan su jeru su zama fim. Sai dai dabarar tana buƙatar abin ya riƙa aukuwa iri ɗaya kowane karo, alhali idan leza ta huda gilashi ko ta ƙona tsoka, wurin ya riga ya lalace, ba kuma zai koma yadda yake ba balle a sake gwajin a kansa.

Wannan ne ya sa aka nemi hanyar ɗaukar lamarin dukansa a bugu ɗaya. A 2014 masana a jami'o'in Tokyo da Keio na Japan suka fito da STAMP, inda ake raba walƙiya guda zuwa launuka da ke isa ga abin ɗaya bayan ɗaya, ta yadda kowane launi ke ɗauke da hoton lokacinsa, a saurin hotuna tiriliyan 4.4 a sakan, ko da yake hotuna shida kacal aka samu. A shekarar dai, tawagar Lihong Wang a Amurka ta gabatar da CUP mai hotuna biliyan 100 a sakan, wadda ke shata wa hasken alamu da ƙananan madubai, ta tara lokutan duka a hoto guda, daga baya kwamfuta ta bi alamun ta warware su.

A 2024 cibiyar INRS ta Kanada ta kai hotuna tiriliyan 156.3 a sakan, ta kuma ɗauki yadda wani ƙarfe ke rasa maganaɗisunsa da zarar leza ta taɓa shi. Ƙalubalen da ya rage shi ne haɗa sauri da yawan hotuna da kuma kaifinsu, domin ƙara ɗaya yakan rage wani.