Tarihin Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Nijeriya

An kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Nijeriya, wato NUT, a shekarar 1931, bayan da ƙungiyar malaman Legas da ta shugabannin makarantun Ijebu suka haɗe. Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti ne shugabanta na farko, sannan Alvan Ikoku ya karɓi ragamar a 1955. A farkon al'amari ƙarfinta ya taƙaita ga makarantun mishan na Kudu, inda malamai ke fama da ƙarancin albashi da rashin tabbacin aiki.

A Arewa kuwa, Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malamai ta daban a 1948. Sai a 1972 ƙungiyoyin biyu suka dunƙule, shekara 41 bayan kafuwar ta farko.

Mun kawo wannan tarihi ne domin Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a farkon firamare, alhali aiwatar da kowace manhaja a hannun malamin aji yake. Saboda haka muna ganin wajibi ne a riƙa tuntuɓar ƙungiyar malamai tun daga matakin tsara manhajar Hausa.