Rana Ta Kunna Mana Fitila, Saura Murhu

Kogin Kwara ta jiharmu ta Kebbi yake shigowa Najeriya. Daga wajen Lolo yake gangarowa, ya bi ta ƙarƙashin gadar Tuga, ya nufi Yawuri, ya faɗa tafkin Kainji, inda tun 1968 yake juya injinan madatsar, waɗanda aka kafa don samar da megawat 760 na lantarki. Wutar ta hau manyan wayoyi zuwa Birnin Kebbi, daga nan wani layi ya tsallaka da ita har Yamai. Amma ƙauyuka da yawa na Bagudo, waɗanda su ruwan ya fara ratsawa, har yau ba su ga turken wuta ba. Waɗanda aka kafa wa turakun kuma sun saba da kallon waya babu komai a cikinta.

A Turai, kare muhalli siyasa ce mai jam'iyya da tuta. Ta Jamus an kafa ta a 1980, ta kuma shiga gwamnati. A nan gida, Shugaba Buhari ya je taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, ya yi alkawarin cewa kafin 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Duk da haka, ba wannan ne ya kawo farantin sola Kaoje ko Illo ko Zagga ba. Fetur ne ya kawo shi.

Mu mutanen bakin iyaka sau biyu muka sha dukan fetur. A Nuwamban 2019, iyaka tana rufe, hukumar kwastam ta hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, don a toshe jarkokin da ke tsallakawa Benin ta hanyar Segbana da Malanville. An yi nufin ɗan fasa-ƙwauri, manomin Tsamiya da na Lolo suka kwana a ciki, domin sai sun yi doguwar tafiya ko su saya a hannun 'yan bumburutu. Sannan ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Jiharmu, wadda a cikinta aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a 2015, noman raninta a lokacin galibi a kan injin ban ruwa mai shan fetur yake tsaye.

Kawuna yana noman shinkafa a fadama. Da can, tun daga nesa ƙarar inji ke sanar da kai yana gona. Yanzu faranti ne jere a kan ƙafafun ƙarfe, waya ta sauka zuwa famfo, ruwa yana fita daga tiyo yana bin kwali ba ƙara ba hayaƙi. Da hantsi ruwan siriri ne, da rana ta take sai ya cika bakin tiyon, da la'asar ya fara ja baya. Ruwan fadama ba shi da zurfi, kuma ban ruwa aikin rana ne, saboda haka famfon ba ya buƙatar batir, abin da ya fi komai tsada da saurin mutuwa. Na ce, "Kawu, ba ka kewar tsohon injin?" Ya ce, "Ɗana, ai yana nan a ɗaki don ranar hazo. Amma wannan bai taɓa aike na gidan mai ba." Damuwarsa yanzu ɓarayi ne, don haka kullum da yamma sai an kwance farantan an ɗora a amalanke.

A cikin gida lissafin daban ne, kuma nan mutane suka fi yin asara. Faranti mai wat 300, a rana irin tamu, yakan tara wajen wat 1,200 zuwa 1,500 na awa ɗaya a yini. Wannan ya isa ƙwayayen fitila masu wat 5, da cajin wayoyi, da fanka mai aiki da batir kai tsaye, da ƙaramar talabijin. Bai isa dutsen guga ko abin dafa ruwa ba, komai daɗin bakin mai sayarwa. Batir mai ruwa, idan ana zuƙe shi ƙasa da rabi kowane dare, ga zafin Maris da Afrilu, ba ya daɗewa. Na litiyam ya fi tsada, ya kuma fi shi kwana nesa ba kusa ba. Kada a haɗa faranti da batir babu na'urar daidaita caji a tsakani. A lokacin hunturu kuma ƙura kan lulluɓe gilashin ta rage wutar, tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe sun wadatar. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mataccen batir: akwai dalma da ruwan guba a cikinsa, ga shi ana yar da shi bayan gida inda yara ke wasa, ko a fasa shi kusa da rijiya.

To ina siyasar take? Tana cikin tambayar wa ke samu, kuma ta wace hanya. Abin da 'yan siyasarmu suka fi so shi ne fitilar titi mai sola, domin ana ganinta, ana iya liƙa mata hoto. Tana da amfani, ba na musu, amma babu wanda ke ware kuɗin canza batirinta. Gwamnatin gwamnanmu Nasir Idris ta raba dubban injinan ban ruwa masu aiki da rana, abin a yaba ne. Sai dai kyauta ba ta taɓa isar kowa, kuma manomi ba maroƙi ba ne. Abin da ya fi buƙata shi ne rancen da zai biya bayan girbi, da mai gyara a garinsu, da hukumar da za ta hana shigo da farantin da aka rubuta masa ƙarfin da ba shi da shi.

Kuɗin ma akwai. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don kai wutar sola ga 'yan Najeriya miliyan 17.5 ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Ƙaramar tashar sola guda za ta iya ɗaukar kasuwa da asibiti da injin casar shinkafa na gari ɗaya. Ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi garuruwa nawa na mazaɓarsa ya shigar cikin wannan shiri. Da wani minista ya yi zancen hana shigo da farantin sola daga waje a 2025, na jira in ji wakilan bakin iyaka sun yi magana da babbar murya, domin mun san yadda hani ke ƙarewa a nan: kaya su biyo ta daji, farashi ya ninka.

Akwai ɗakin da sola bai shiga ba tukuna, shi ne madafa. Innata tana cajin wayarta da rana, amma tuwo har gobe a kan duwatsu uku take tuƙa shi, idanunta suna zubar da hawaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara. Itacen kuma daga dajin da ke riƙe mana ƙasa yake fitowa, a jihar da take cikin jihohi 11 da ake yi wa shingen bishiyoyi don tare hamada, kuma wadda ambaliyar 2020 ta cinye mata shinkafa mai yawa. Buhunan gawayin da ke jere a bakin hanya kowannensu bishiya ce da ta faɗi.

Maganin ba ya buƙatar jirgin ruwa daga Sin. Murhu mai tsimin itace, wanda magina tukwane da maƙera za su iya yi, yana rage itacen da ake ƙonawa sosai. Kashin shanun da ke jibge a rugage ana iya zuba shi a rufaffen rami ya ba da iskar gas ta girki, ragowar ta koma gona taki. Buntun shinkafar da ke tsibi a bayan injinan casa, wanda ake cinna wa wuta don a rabu da shi, ana iya matse shi ya zama makamashi. Waɗannan ba su da hoton da za a liƙa, kuma mata ne za su fi amfana, mata kuwa ba su cika zama a taron da ake rabon kaya ba. Idan ƙaramar hukuma za ta ɗauki kuɗin fitilun titi na unguwa ɗaya ta koya wa magina tukwane na Bagudo da Kende da Bahindi gina wannan murhu, kafin rani ya zagayo an fara sayar da shi a kasuwannin mako, har 'yan uwanmu na tsallaken iyaka su zo da sefa su saya.