Kuturta Ba Ta Cin Yatsa, Naɗin Jijiya Take Warwarewa

A watan Maris na 2025 maganin kuturta ya sake shigowa Nijeriya, bayan ya yi kusan shekara guda a maƙale saboda sababbin ƙa'idojin gwaji na hukumar NAFDAC. Magani ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ke rabawa kyauta tun 1995. Ka tayar da zancen a majalisa a Jabo ko a tashar Tambuwal, ba za ka rasa mai cewa ai ciwo ne da ba ya gaggawa ba, shekara guda ba za ta cinye yatsa ba. Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin ta nuna har yanzu muna zaton cutar naman mutum take ci. Jijiya take kamawa, kuma ɓarnar tana yin nisa tun yatsu goma na nan cif.

Kwaɗin da ke cika fadamunmu da kuka da damina, a jikin 'yan'uwansu aka fara gane sha'anin jijiya. A 1850 Augustus Waller ya yanke jijiyar harshen kwaɗo a Ingila, ya ga ɓangaren da ya rabu da tushe yana ruɓewa har ƙarshensa. A shekarar ce kuma Helmholtz na Jamus ya auna gudun saƙo a jijiyar ƙafar kwaɗo, ya samu kusan mita 27 a daƙiƙa. Sirrin gudun yana cikin wani farin naɗi mai kitse da ake kira mayelin. Wasu ƙwayoyin halitta masu suna Schwann ne ke naɗe zaren jijiya da fatarsu, zagaye bisa zagaye, yadda ake naɗa rawani, suna barin ɗan giɓi tsakanin wannan naɗi da na gaba. Ichiji Tasaki a Japan a 1939, sannan Huxley da Stämpfli a 1949, dukkansu da jijiyar kwaɗo suka tabbatar cewa saƙo tsalle yake yi daga giɓi zuwa giɓi. Shi ya sa zaren da ke da kaurin naɗi a jikin mutum yake kai saƙo fiye da mita 100 a daƙiƙa, marar naɗi kuwa da ƙyar yake wuce mita ɗaya ko biyu.

Abin da ke riƙe zagayen kada su saki shi ne wani furotin mai danƙo, P0, da abokin aikinsa MBP. Kwaɗo na da su, mu ma muna da su. Wani bambanci shi ne, kwaɗo yana da P0 har cikin ƙwaƙwalwa, mu kuwa a jijiyoyin gaɓɓai yake, inda Schwann ke aiki.

Nan ƙwayar kuturta, wadda Hansen ya gano a Norway a 1873, take zuwa. Tana son wurare masu sanyi-sanyi: kunne, hanci, bayan gwiwar hannu, idon sawu. Sai ta manne wa Schwann ta shige ciki ta zauna, garkuwar jiki ta taso yaƙi, jijiya ta kumbura, naɗi ya warware. Daga nan saƙon zafi ba ya isa. Mace ta sauke tukunyar tuwo ba tsumma, ba ta sani ba sai ta ga bororo a tafinta. Manomi ya wuni yankan shinkafa, ƙotar lauje ta sale masa hannu, ko ƙaya ta kwana uku a dugadugansa. Gyambo ya zauna, ya kai ga ƙashi, yatsa ya gajarce. Ƙuna da ƙaya da ruɓa ne ke tafiya da yatsun, bayan an ɗauke musu mai tsaro.

Ƙwayoyin rifampicin da dapsone da clofazimine suna kashe cutar cikin wata shida ko sha biyu, kuma wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Amma ba sa mayar da naɗin da ya daɗe da lalacewa. Likitoci sun fi sa ran farfaɗo da jijiyar da rauninta bai wuce wata shida ba, zaren da ya mutu kuwa kimanin milimita ɗaya yake toho a yini. Duk jami'in da takardar shigo da magani ta kwana a teburinsa ya kamata ya san wannan lissafi. Gwajin inganci hakki ne, amma ba da yatsun talaka za a biya kuɗinsa ba.

Mu ma da namu laifin. Mutum ya ga tabo mai haske a bayansa, ba ƙaiƙayi, ba gumi, sai a ce ƙyasbi ne, ko a rufa shi da riga don kada a fasa auren 'yarsa. A ce gado ce, a ce sammu ne, alhali kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya ma karɓar cutar. Gwajin farko bai fi ƙarfin kowace uwa ba: yaro ya rufe ido, a shafa masa silin auduga a kan tabon da kuma gefensa, ya nuna inda ya ji. In gefe ya ji, tabo bai ji ba, a tafi asibiti a makon, a nemi jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma, ko a wuce asibitin Amanawa kusa da Sakkwato. Su kuma jami'an lafiya na Tambuwal da Kebbe su daina jiran marar lafiya a ofis, su fito ranar kasuwa da audugarsu.