Kamun Kifin Salmon da Kwalekwalen Kayak a Gaɓar Tekun Pasifik

Salmon kifi ne na ruwan sanyi mai gida biyu. A cikin tsakuwar ƙorama ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku tun yana ɗan ƙarami, ya yi shekara ɗaya zuwa biyar yana kiwo a can, sannan ya juyo ya nemi ainihin ƙoramar da ya fito domin ya zuba ƙwai. Binciken da Arthur Hasler na Jami'ar Wisconsin ya fara a shekarun 1950 ya nuna cewa ƙanshin ruwan gida ne ke yi wa kifin jagora a ƙarshen wannan tafiya. Salmon na Tekun Pasifik ba ya yin tafiyar sau biyu. Da ya shiga ruwan daɗi sai ya daina cin abinci, jikinsa ya rine, tsokarsa ta fara laushi, bayan ya zuba ƙwai kuma ya mutu. Saboda haka wanda ke son kifin a lokacin da yake da ƙiba, jikinsa na sheƙi kamar azurfa, dole ne ya tare shi a ruwan gishiri kafin ya kai bakin kogi. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne hanyar komawa gida tana bi ta kusa da gaɓa, wani lokaci tazarar da ba ta wuce 'yan ɗaruruwan mita daga tudu ba, inda ƙaramin kwalekwale ma zai iya zuwa.

Cibiyar wannan kamun kifi ita ce gaɓar arewa maso yammacin nahiyar Amurka ta Arewa: mashigin ruwa na Puget Sound a jihar Washinton, kewayen tsibirin Vancouver a lardin British Columbia na Kanada, da mashigan Alaska irin su Kachemak da Resurrection da Prince William Sound. Tsibirai da duwatsu ne ke tare manyan igiyoyin teku a waɗannan wurare, shi ya sa ruwan ke kwanciya har mutum ɗaya ya iya shiga da jirgin da bai fi faɗin tabarma ba.

Iri biyar na salmon ake samu a wannan gaɓa, amma uku ne suka fi damun mai kayak. Babbansu shi ne Chinook, wanda ake yi wa laƙabi da sarki. Yawancin waɗanda ake kamawa suna tsakanin kilo 5 da 14, ko da yake wanda Les Anderson ya kama da fatsa a kogin Kenai na Alaska a 1985 ya kai kilo 44. Sarki kifin ƙasa ne, ya fi son zurfi da duhu-duhun asuba. Na biyu shi ne Coho, mai kilo 3 zuwa 5, wanda ke farauta a saman ruwa, ga saurin kai hari ga tsalle idan ƙugiya ta kama shi. Na uku shi ne wanda ake kira ruwan hoda, ƙaraminsu, wanda da ƙyar yake wuce kilo biyu. Shekara biyu cif yake rayuwa, don haka a Puget Sound sai a shekarun da lambarsu ba ta rabuwa biyu, kamar 2023 da 2025, yake zuwa da yawa, kuma da shi sababbin masunta ke koyon hannu. Sauran biyun, Sockeye da Chum, ana samunsu, amma ba su ake fita nema ba.

Shi kuwa kayak, asalinsa na mutanen yankin ƙanƙara ne, wato Inuit da Yupik da mazauna tsibiran Aleut, waɗanda suka shafe dubban shekaru suna ɗinka fatar dabbobin teku a kan ƙirar itace ko ƙashi suna fita farauta. Bambancinsa da kwalekwalen da aka saba gani shi ne matuƙinsa a zaune yake daf da ruwa, ƙafafu a miƙe, yana tuƙi da filafili mai baki biyu. Wanda masunta ke amfani da shi yau na roba ne mai tauri, tsawonsa mita uku da rabi zuwa huɗu da rabi, kuma a samansa ake zama, ba a cikinsa ba. Cikinsa a rufe yake ruf da iska, sannan akwai ramuka da suka ratsa daga sama zuwa ƙasa ta yadda duk ruwan da ya fantsamo zai zurare da kansa. Idan ya kife ba ya nutsewa, sai dai a birkito shi a sake hawa. A 1997 kamfanin Hobie ya fito da tsarin tuƙi da ƙafa, inda mutum ke taka feda wasu fikafikai biyu na kaɗawa a ƙarƙashin jirgin. Wannan ya canza harkar sosai, domin hannu biyu sun samu 'yanci, masunci na tafiya yana riƙe da sandar fatsa.

Ana iya tambayar abin da zai sa mutum ya bar jirgi mai inji ya zauna a kan wannan abu. Kuɗi na ciki: babu mai, babu kuɗin ajiya a tashar jiragen ruwa, a saman mota ake ɗaura shi a sauke a kowane bakin yashi. Akwai kuma shiru, domin kifin da ke kiwo a ruwa marar zurfi yakan watse idan ya ji ƙarar inji. Sai dai babban dalilin na zuciya ne, kuma ba sabo ba ne a yankin. A garin Campbell River na tsibirin Vancouver akwai ƙungiyar Tyee, wadda ta faro tun shekarun 1920, kuma har yau ba a zama ɗanta sai an kama Chinook mai nauyin akalla kilo 13.6 daga ƙaramin jirgin da ake tuƙawa da hannu, da ƙugiya guda da siririn zare. Kalmar tyee kanta daga harsunan 'yan asalin gaɓar ta fito, ma'anarta shugaba. Masu kayak gadon wannan ra'ayi suka ci, cewa kifin da aka kama da ƙarfin damtse ya fi daraja.

Sanin ruwa shi ne rabin aikin. Teku a wannan gaɓa tana cikowa ta janye sau biyu a yini, kuma duk lokacin da ta motsa sai ruwa ya riƙa gudu ta tsakanin tsibirai kamar kogi. Wannan gudu ne ke tara ƙananan kifaye, musamman herin da wani siriri mai ɓuya cikin yashi, a bayan duk wani tsinin ƙasa da ya shigo cikin ruwa, ko a gefen tudun ƙarƙashin teku. Inda suka taru nan salmon yake. Gogaggen masunci yakan duba jadawalin cikowa da janyewa tun da dare, ya zaɓi sa'a ɗaya kafin ruwa ya juya da sa'a ɗaya bayan ya juya, musamman idan hakan ya dace da ketowar alfijir. A kan ruwa kuma yana lura da tsuntsayen da ke faɗawa suna cafke, da layin kumfa da ciyayi da ke nuna inda ruwa biyu suka haɗu. Yawancinsu suna ɗaura ƙaramar na'urar hango kifi mai aiki da batir, wadda ke nuna zurfi da tarin ƙananan kifaye.

Dabarun kamun uku ne. Ta farko ita ce ja: a saki zare a baya, a yi ta tuƙi a hankali, kilomita 3 zuwa 5 a awa, abin yaudara na biye. Sau da yawa ana ɗaura wani faifai mai walƙiya a gaban ƙugiya, wanda ke juyawa yana ƙyalli kamar wani salmon ne ke kai hari, a bayansa kuma cokalin ƙarfe ko 'yar roba mai kama da ƙaramar dabbar teku. Coho ba ya buƙatar zurfi, ɗan guntun dalma ya isa. Chinook kuwa yakan kasance mita 20 zuwa 40 a ƙasa, don haka wasu ke ɗaura ƙaramin injin hannu mai saukar da ƙwallon dalma na kilo biyu zuwa huɗu, a maƙale zaren fatsa a jikinsa da wani matsi da ke saki da zarar kifi ya fizga. Dabarar tana aiki, amma tana da haɗari a kan kayak: idan ƙwallon ya maƙale a dutse ruwa kuma na gudu, cikin ƙiftawar ido jirgin zai karkata. Shi ya sa wuƙa ba ta nisa da hannun mai wannan inji.

Dabara ta biyu ta fi dacewa da kayak, kuma ana danganta asalinta da masunta 'yan asalin Japan da suka yi su a mashigin Elliott na birnin Seattle a farkon ƙarni na 20. Ana yanke kan herin a karkace, a cire kayan ciki, a soka ƙugiya biyu ta yadda gangar jikin za ta riƙa murɗawa a cikin ruwa kamar kifin da ya ji rauni. Sai a sa dalma mai siffar jinjirin wata, a sauke har ƙasa, a riƙa naɗowa ana sakewa yayin da ruwa ke tafiya da jirgin. Cizon sarki a nan ba fizga ba ne. Sau da yawa zaren ne kawai zai yi sako-sako, alamar kifin ya ɗauki abincin ya taso sama da shi, kuma wanda ya yi gaggawar finciko sanda shi ke asara. Naɗewa ake yi da sauri har sai an ji nauyi. Ta uku ita ce a sauke guntun ƙarfe mai siffar kifi daidai kan tarin da na'ura ta nuna, a riƙa ɗagawa ana saki yana faɗuwa yana lilo. Ba ta buƙatar kaya da yawa.

Da kifi ya kama, sai jirgin ya koma wani ɓangare na kayan faɗa. Babban Chinook yana iya jan kayak da mutumin da ke kansa tazara mai nisa, kuma wannan jan ne ke gajiyar da shi. Ƙa'idar ita ce a bar bakin sanda yana fuskantar gaban jirgi, domin jan da ya zo ta gefe shi ke kifar da mutum, a kuma sassauta birkin kwarkwaron zare ta yadda kifin zai iya gudu ba tare da ya tsinka ba. Wuri mafi wuya shi ne ƙarshe. Hannu ɗaya na riƙe da sanda, ɗaya na riƙe da koma, kifi na ganin jirgi ya sake zabura, mutum kuma ba shi da damar leƙawa gefe, don duk inda kai ya nufa can jiki zai bi. A wannan lokaci ne kuma ɓarayi ke zuwa: zakin teku da 'yar'uwarsa sil sun koyi cewa kifin da ke jikin zare ganima ce, sukan ɗauke shi su bar wa masunci kai.

Babban abokin gabar mai kayak ba kifi ba ne, sanyin ruwa ne. Ruwan Puget Sound yakan tsaya tsakanin digiri 7 da 13 a ma'aunin Salshiyos duk shekara, ko da rana na dukan mutum a sama. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin da ke faruwa ga wanda ya faɗa irin wannan ruwa da lambobi uku, 1 da 10 da 1: minti ɗaya na haki da shaƙar iska ba da son rai ba, wanda a cikinsa ne mutane da yawa ke shaƙar ruwa su nutse, kimanin minti goma kafin hannu da ƙafa su daina biyayya, sannan kimanin awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Don haka ana sa tufafi ne gwargwadon sanyin ruwa, ba na iska ba: rigar da ke rufe jiki daga wuya zuwa ƙafa ba ta barin ruwa ya shiga, da rigar ceto a kanta a ɗaure. Ana ƙarawa da rediyon hannu na jiragen ruwa, wanda tasha ta 16 a cikinsa ta neman agaji ce, da usur, da tuta mai tsawo da fitila, domin kayak ba ya fitowa sosai a idon matuƙin babban jirgin fito, balle cikin hazo. Wanda bai gwada kifar da jirginsa da gangan ya sake hawa a ruwa marar zurfi ba, bai shirya fita ba tukuna. Akwai kuma wuraren da ba a shiga sam idan ruwa na gudu. A mashigin Seymour kusa da Campbell River gudun ruwa yakan kai kusan kilomita 28 a awa, alhali mai tuƙi da hannu da ƙyar yake wuce shida.

Doka ma tana zaune tare da masunci a cikin jirgin, saboda kifin ya ragu. Madatsun ruwa, sare dazuzzuka, gine-gine a bakin koguna da ɗumamar ruwa sun karya yawansa. A 1999 gwamnatin Amurka ta sa Chinook na Puget Sound cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, a Kalifoniya kuwa an rufe kamun salmon a teku gaba ɗaya a 2023 da 2024. Akwai masu haƙƙi da suka riga mai kayak: hukuncin da alƙali George Boldt ya yanke a 1974 ya tabbatar wa ƙabilun 'yan asalin Washinton rabin kifin da aka halatta kamawa, bisa yarjejeniyoyin 1854 da 1855, sannan Amurka da Kanada suna raba nasu kaso ƙarƙashin yarjejeniyar salmon ta 1985. Har dabbobin teku masu suna oka da ke zaune a kudancin wannan ruwa, waɗanda yawansu bai kai 80 ba, Chinook ne babban abincinsu, kuma ana la'akari da su wajen tsara lokutan su.

A aikace, wannan na nufin lasisi, da lokaci ƙayyadadde ga kowane yanki, da adadin da ba a wucewa a yini, da ƙugiyar da aka danne ɗan haƙorin nan nata mai hana ta fita. Yawancin kifin da ake barin mutum ya tafi da shi a Washinton na gidajen ƙyanƙyasa ne. Kafin a sake su tun suna ƙanana ana yanke musu wani ɗan fiffike mai tsoka da ke bayansu kusa da wutsiya. Idan masunci ya jawo kifi kusa ya ga fiffiken na nan, to na daji ne, kuma a wurare da yawa dole ya zare ƙugiya ya sake shi ba tare da ya ɗaga shi daga ruwa ba. Idan babu fiffiken, sai ya buge shi a ka, ya yanka wajen maƙoshi don jini ya tsiyaye, ya sa shi cikin jakar ƙanƙara da ke bayan kujera, sannan ya rubuta rana da yanki da irin kifin a katin da hukuma ta ba shi kafin ya sake jefa zare. Wasu daga cikin kifayen gidan ƙyanƙyasa suna ɗauke da ɗan guntun waya mai lamba a cikin hancinsu, mai tsawon kimanin milimita ɗaya. Shi ya sa a bakin gaɓa ma'aikacin hukumar kifi kan tari masunci da sandar gano ƙarfe, idan ta yi ƙara ya nemi a ba shi kan kifin, domin lambar ce za ta faɗi gidan da aka ƙyanƙyashe shi da shekarar da aka sake shi.